An bar jaki ana dukan taiki: eyafulo, wayarshi da motar turbo

Cikin zafin bara, irin ranakun nan na Afrilu da ko sifana ka aje a rana minti biyar ba ka iya ɗaukarta da hannu, wani dattijo ya kawo mani Passat ɗinshi mai injin 1.8T. Tun ba mu ƙare gaisawa ba ya buɗe but ya ɗauko wata baƙar leda ya aza bisa bonet, eyafulo biyu ne ciki, wato sensar da ke auna iskar da injin ke sha, na ukku kuma yana jikin mota. Ya ce "Injiniya, wanga shi ne na ukku, kowane anka sa sai ta yi kwana biyu lahiya lau, in taka ta har Tambuwal in dawo, sannan ta koma gidan jiya. Mi ka hwaruwa? Ko dut jabu ka shigowa garin ga?" Na ce Alhaji a yi haƙuri a samu inuwa a zauna, a ba ni awa guda, kuma don Allah kar a ƙara sayen komai tukuna.

Abin da ya sa na ce mishi haka, birenbos, wato kwamfutar mota, bai taɓa ganin eyafulo da ido ba. Yana can zaune inda anka ɓoye shi, abin da ya iso mishi ta bakin waya shi kaɗai ya sani. In saƙo ya iso a gurguje ko a karkace ko bai iso ba sam, zai kunna fitilar cek injin ya rubuta lambar laifi da sunan eyafulo, to amma shi bai san ko mai aiken ne ya yi ƙarya ko ɗan aiken ne anka tare a hanya ba. Mai sikana, wato na'urar da ke karanta lambar laifin, kuma ya jona, ya ga an rubuta MAF, ya ce Alhaji eyafulo ne, a je a sayo. Nan kuɗin mutane ke tafiya. Sikana ba ta yi ƙarya ba, karatun ne anka yi mata rabi, don lambar tana nufin hanyar gaba ɗaya, tun daga fiyus, soket, wayoyi, har bakin birenbos.

Shi eyafulo aikinshi awo. Yana zaune bayan eyakilina, wato matatar iska, duk iskar da injin zai sha sai ta ratsa ta cikinshi. A ciki akwai wani ɗan siririn abu da ake ɗumamawa da wuta, wasu sili ne na waya, wasu kuma ɗan falle ne kamar ƙumba, iska na wucewa tana kwashe mishi zafi. Kamar kofin shayi ne da sanyin safiya a watan Janairu, in iskar hunturu na kaɗawa kafin mai shayi ya gama soya maka ƙwai ya huce, in babu iska ya daɗe da zafinshi. Da yawan zafin da iska ta kwashe ake gane yawan iskar. Kuma ba awon mudu yake ba, awon sikeli yake, nauyin iska yake faɗi, giram nawa a sakan ɗaya. Wannan yana da dalili, iskar Sakkwato ta ƙarfe biyun rana a Afrilu da zafi ya haura digiri 40 ba ta kai nauyin ta asubar hunturu ba ko da mudun ɗaya ne, shi kuma fetur da nauyi ake haɗa shi, kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. To da wannan lissafin birenbos ke yanke wa nozul tsawon lokacin da zai buɗe.

A motar da ba turbo in lissafin ya ɗan kauce za ta lallaɓa da kai. Mai turbo ba ta da wannan haƙurin, don turbo ɗura wa injin iska yake fiye da abin da zai ja da kanshi, cikin ƙiftawar ido awon ya tashi daga giram biyu zuwa huɗu a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, ya wuce ɗari in ka nutsa totur, kuma da wannan awon ne birenbos ke auna nauyin aikin da injin ke yi, ya tsara mai, ya tsara lokacin wutar fulogi, ya yanke yawan ɗurin da zai bar turbo ya yi. In saƙon ya zo ƙasa da gaskiya mai ya yi kaɗan, mota ta riƙa shaƙewa tana jan ƙafa in ka zo wuce tirela. In ya zo sama da gaskiya ta riƙa shan mai kamar ana zuba shi ƙasa, salansa ya yi baƙi, fulogi ya yi kunkunniya. In ko saƙon na ɗaukewa yana dawowa, nan ne za ka ji tana fizga, ta mutu a shataletale, ka tayar ta tashi kamar ba ita ba. Daga ƙarshe birenbos ya gaji ya sa mata dabaibayi, ya hana turbo ɗuri don kar injin ya ci kanshi. Masu giya otomatik ma sukan ji giya na shiga da duka, su tafi wajen mai giya, alhali giyar da wancan lissafin take aiki ita ma.

Maganar Alhaji ta "kwana biyu lahiya lau" ita ta fara tona mani asiri. Sensa da ta mutu ta mutu, sabuwa mai kyau kuma ba ta warkewa kwana biyu ta koma ciwo iri ɗaya sak har sau biyu. Abin da ke faruwa, duk sanda anka canza sai an zare soket an mayar, an motsa wayoyin, an goge lambar laifi da sikana. Wayar da ta karye daga ciki sai bakinta ya sake haɗuwa, ta riƙe na ɗan lokaci, sannan zafi da girgizar hanya su raba su. Ba sabon eyafulon ya yi maganin ba, hannun mai sawa ne.

Akwai kuma gwajin nan da kowane yaron gareji ya iya, a zare soket ɗin eyafulo a tada mota, in ta gyaru a ce shi ke nan an kama ɓarawo. Gwajin yana da amfani, ni ma ina yi, amma ba abin da mutane ke zato yake faɗi ba. In ka zare soket birenbos ya san ba ya da awo, sai ya koma ƙiyasi da buɗewar totur da gudun injin, wasu da sensar matsin iska. In mota ta fi daɗi a haka, abin da ka gano kawai shi ne saƙon da ke isowa gurɓatacce ne. Wa ya gurɓata shi, ba ka sani ba tukuna. Waya mai tsatsa ma haka za ta nuna, tiyon iska da ya tsage ma haka.

Mi ke kashe wayoyin nan a wajenmu? Na farko zafi. A Passat da Audi A4 masu wannan injin, turbo yana gefe ɗaya da akwatin eyakilina, can ƙasa da shi, ga zafin salansa ga na garin, ga mota ta shekara ashirin da wani abu tun kafin ta tsallako mana. Robar waya sai ta bushe ta zama kamar taliyar da ba a dafa ba, ka lanƙwasa ta ka ji ƙas. Sannan injin yana rawa bisa sit ɗinshi, shi ko akwatin eyakilina yana kafe jikin bodi, wayar da ke tsakani kullum cikin lanƙwasa take, in sit ɗin injin ya mutu abin ya ninka, kuma kusan kullum wajen da take karyewa ɗan yatsa biyu ko ukku ne daga bayan soket. Ga ɓera, musamman motar da ke kwana kusa da buhunan gero ko wadda anka aje wata biyu maigida ya yi tafiya. Ga masu wankin injin da ke saita bakin ruwa mai ƙarfi kai tsaye bisa soket. Amma in za a faɗi gaskiya, mu masu rewaya mun fi ɓera ɓarna. Allurar nan da muke soka wa waya don mu auna wuta, ramin da ta bari ba ya rufewa, damina na zuwa laima ta shiga, jan ƙarfen ciki ya koma kore yana cin kanshi a ɓoye, daga waje roba lafiya lau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu ko da hannunmu muke tsaga bangon. Haka masu cusa bakin mitar awon wuta mai kauri cikin ramin soket ta gaba, fil ɗin ya buɗe baki, daga ranar ba ya ƙara kama ɗan'uwanshi da kyau.

Kafin ka taɓa mita sai ka san wace waya ce wace, kuma kar ka dogara da kala, kala tana canzawa daga shekara zuwa shekara, balle motar da anka sa wa injin Beljiyam da wayarin ɗin wata. Lambar da ke rubuce jikin soket ita ce abin bi. Irin na Bosch mai fil biyar da ake kira HFM5, wanda ke cikin motocin Jamus da yawa na wancan zamanin, tsarinshi haka yake, 1 na awon zafin iska ne, 2 wutar batir 12V, 3 at, wato wayar negetif, 4 wutar 5V da birenbos ke aikowa, 5 kuma ita ce mai kai saƙo. A masu turbo da yawa za ka tarar ramin 1 ba waya, kar ka ce an sace ko ta fita, sensar zafin iskar an kai ta can gaba bayan intakula, mai sanyaya iskar turbo, don turbo na ɗumama iska, awon da anka yi kafin shi ba ya da amfani. Na Denso da ke cikin Toyota shi ma biyar ne amma jerin daban, a zanen wayarin za ka ga +B, E2G, VG, THA da E2, VG ɗin ita ce mai saƙo. Wasu sababbi kuma kamar HFM6 ba da hawa da saukar wuta suke magana ba, da saurin bugawa suke, in ka sa mita a awon wuta za ka ga lamba ɗaya tsaye ko ka taka totur, ka ce ya mutu, alhali sai ka juya mita zuwa Hz. Kuma a kula, soket in ka dube shi ta gaba da in ka dube shi ta baya jerin juyawa yake, na dama ya koma hagu. Wannan kuskuren kaɗai ya isa mutum ya kai 12V kan wayar saƙo, garin gyaran gira a rasa ido, don birenbos ɗin ne zai tafi.

Lambobin laifin su ma suna nuna hanya in ka karanta su da natsuwa. P0102 saƙo ya yi ƙasa ƙwarai, galibi ko 12V ba ta zuwa, ko wayar saƙo ta yanke, ko ta goge tana taɓa bodi. P0103 ya yi sama ƙwarai, nan at nake fara zargi, ko wayar saƙo ta yi biriji da mai wuta. P0100 hanyar ce gaba ɗaya, P0104 yana zuwa yana ɗaukewa, wannan kusan sunan waya da soket yake kira. P0101 ita ce mai wahala, tana cewa saƙo na zuwa amma bai yi kama da gaskiya ba, a nan datti, tsagewar tiyo, jabun sensa da waya mai tsatsa duk suna cikin waɗanda ake tuhuma. In motar awon zafinta na cikin eyafulo ne, ka ga P0113 ta biyo, sikana na nuna maka zafin iska -40 kana tsaye tsakiyar Sakkwato gumi na zuba, to ka san hanyar a yanke take, ko dai soket bai zauna ba ko waya ta rabu. Motar Alhaji P0102 ce ke zuwa tana tafiya.

Ni da ido da hannu nake farawa, mota a kashe. Na zare soket na haska tocila ciki, ina neman kore, ina neman fil da ya nutse baya ko ya buɗe baki fiye da 'yan'uwanshi, ina duba ko robar da ke hana ruwa shiga tana nan. Na Alhaji kunnen makullin soket ɗin ya karye tuni, da ɗaurin roba anka riƙe shi. Sai fiyus, don a motoci da yawa wutar eyafulo fiyus ɗaya take ci da wasu abubuwa kamar hitar sensar salansa da bawul ɗin da ke sarrafa turbo, in ka ga lambobinsu sun taso tare rana ɗaya to ba annoba ce ta faɗa musu ba, uwarsu ɗaya. In fiyus ya ƙone kuma kar ka naɗa mishi silin waya ka ce an gama, wani abu ne ya ƙona shi, sau da yawa wayar sensar salansa ce ta kwanta bisa ƙarfe mai zafi.

Daga nan a buɗe makulli a auna fil 2, in motar irin wadda wutar ba ta zuwa sai injin na juyawa ce to a tada ta. Ya kamata ka ga abin da batir ke da shi, 12 da ɗan wani abu. To nan mita ke yaudarar mutane. Mita ba ta jan wuta, ko sili ɗaya tak ya rage cikin wayar, ko ma tsatsa ce ta haɗa bakin biyu, za ta nuna maka 12V cif ka ce lafiya. Kamar famfon da ke ɗiga ne, in ka toshe bakinshi da yatsa za ka ji ƙarfi, ka kawo bokiti ka ga ba abin da ke zuwa. Shi ya sa nake aje ɗan ƙwan fitilar mota da waya biyu, in jona tsakanin fil 2 da kan batir na negetif, in ya kama da haske sosai hanyar na iya ɗaukar kaya, in ya yi ja-ja ko mita ta faɗi lokacin da ƙwan ke kai, akwai inda ta shaƙe. Amma ƙwan nan ga wayar 12V kaɗai, kar ka kuskura ka kai shi kan 5V ko kan wayar saƙo muddin birenbos na jone, ba a gina su don ɗaukar wannan nauyin ba.

At kuma ba da ƙarar mita ake tantance shi ba, wannan ƙiiin da take yi ko hanya ta kusa mutuwa za ta yi shi. A mayar da soket, a shiga ta baya da siririn fil a gefen robar ba tare da an huda waya ba, a tada mota, a auna tsakanin fil 3 da negetif ɗin batir. Abin da ake so bai wuce 0.1V ba. In ka ga 0.3 ko 0.5 to wannan rarar kan saƙon take hawa, kuma saƙon da duk faɗinshi bai wuce 5V ba rabin 1V ba ƙaramar ƙarya ba ce. A nan nake roƙon 'yan'uwana masu sana'a, in at ɗin sensa ya samu matsala a gyara shi ya koma inda ya fito, a bar yanko shi ana ɗaurewa a noti mafi kusa jikin bodi. Fanka na kamawa ko a kunna fitila, at ɗin bodi ya ɗan motsa, awon ya motsa tare da shi, mota ta riƙa canza hali ba wanda ya san dalili. Ita ko 5V ta tsaya kusa da 5 ɗin, kuma a tuna birenbos yakan raba ta ga sensa fiye da ɗaya, in ta faɗi ka riƙa zare sauran ɗaya bayan ɗaya kana kallon mita, wani lokacin mai laifin yana can wani gefen injin.

Duk waɗannan motar Alhaji ta ci su. Saura fil 5. Makulli a buɗe injin a kashe irin wannan eyafulon kusan 1.0V yake bayarwa, a silo ya ɗan haura zuwa wajen 1.3 ko 1.5, in ka watsa totur ya yi tsalle ya doshi 4. Na samu 1.4 a silo, tsaf. Na ce wa yarona ya riƙe sikana ya sa ido kan giram ɗin da birenbos ke gani, ni kuma na fara bin wayoyin da yatsa ina murzawa a hankali ina ɗan ja, daga bakin soket ina yin baya. Na zo wajen wani kumburi da anka naɗe da baƙin tef, ina matsawa injin ya yi tari, yaron ya ce "Oga ta koma sifili!" Na saki ta dawo ukku da ɗigo. Na sake matsawa ta mutu gaba ɗaya. Alhaji ya taso daga benci ya leƙo, na warware tef ɗin gabanshi, duk ya narke ya zama danƙo yana bin yatsa, ƙura ta manne mishi. A ciki wani ya taɓa haɗa wayar saƙon da murɗin hannu, da guntun wayar rediyo ma, murɗin ya yi kore shar ya saki. Ban tsaya nan ba, na ja ragowar wayar ta wajen soket sai na ji robar na miƙewa kamar cingam, alamar ƙarfen ciki ya rabu ke nan, na fere ta da reza na tarar sili biyu kacal ke riƙe. Alhaji ya daɗe yana kallo sannan ya ce "Ashe wagga 'yar abu ta ci mani kuɗin sensa biyu."

Lura da wani abu a nan, mita a bakin soket tana nuna daidai, sikana na nuna sifili. Duk sanda bakin sensa da abin da birenbos ke gani sunka saɓa, tsakaninsu za ka nema. In murzawa ba ta nuna komai ba sai a yi awon baki da baki, a kashe makulli, a cire kan batir, a zare soket ɗin birenbos da na eyafulo duka biyu, a auna kowace waya daga wannan baki zuwa wancan, ƙasa da om 1 ake so, kuma ka fara haɗa bakin mitarka biyu ka ga nawa su kansu ke ci. Sannan a auna tsakanin waya da waya, da tsakanin wayar saƙo da bodi, nan bai kamata a samu hanya ba sam. Tunda duka bakin biyu a zare suke, yanzu kana iya sa ƙwan fitilar nan ta cikin wayar ka ga ko tana ɗaukar kaya.

Gyaran ba wuya, haƙuri yake so. A yanke har sai an kai inda jan ƙarfe ke ƙyalli, in ka fere ka ga baƙi ko kore ƙara yin baya, dalma ba ta kama tsatsa. A sa wayar mota mai kauri ɗaya da ta asali, ba ta rediyo ba, ba ta wayarin gida ba. In karayar na dab da soket gara a samo soket na gwanjo da jelarshi mai tsawo daga wajen masu yanka motoci, a duba fil ɗinshi suna kamawa, a bi lamba ba kala ba, kuma waya ɗaya-ɗaya ake yi, ka yanke ɗaya ka haɗa ka rufe sannan ka taɓa ta gaba, in ka datse huɗun lokaci guda aka kira ka a waya ka dawo ka manta, kai da Allah. Kan dalma da matsewa da ƙarfen haɗi ana ta gardama, kamfanonin mota da yawa matsewa sunka fi so don dalma na sandarar da waya ta karye a gefen haɗin, ni dai abin da na gani, kowanne anka yi da kyau yana riƙewa, abin da ba ya riƙewa shi ne murɗin hannu. In dalma ce kaɗan ta isa, kar ta bi cikin silin ta yi nisa. A rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, kar a jera haɗin duka wuri ɗaya su yi ƙulli suna gugar juna, a saɓa su. Sannan a mayar da wayar cikin rigarta, a ɗaure ta nesa da turbo da wayoyin koyil, a bar mata ɗan sassauci don injin ya yi rawarshi ba tare da ya ja ta ba.

Kafin in rufe bonet ina bin tiyon iska ko da waya ta riga ta amsa laifi, don a mota mai turbo ɓarayin sukan zo biyu. Tsaga tsakanin eyafulo da bakin turbo tana shigo da iskar da ba a auna ba, mai ya yi kaɗan, silo ya lalace, P0171 ta fito. Tsaga bayan turbo, a tiyon intakula ko kilif da ya saki, akasin haka take, iskar da anka riga anka auna anka zuba wa mai ita ke gudu waje, sai baƙin hayaƙi da huci in an taka, wani lokacin da P0299. Duka biyun suna iya jawo P0101 eyafulo na zaune lafiyarshi. Robar bakin turbo a ƙasan lanƙwasa take tsagewa inda ido ba ya kai, sai ka sa hannu ka matsa. Eyakilina kuma a garin da hunturu ke shigo da ƙura har cikin kwanon abinci, kakkaɓewa a jikin taya ba canji ba ne, in takardar ta huje ƙurar kan ɗan fallen nan take sauka. In za a wanke shi da feshin da anka yi don shi za a wanke, ba fetur ba, ba burushi ba, ba iskar mai faci ba, a bar shi ya bushe, a mayar kibiyar jikinshi na kallon injin.

Da na gama na ce Alhaji wanne ne na asalin motar cikin ledar nan, ya nuna mani wanda ya fi tsufa, mai tambarin Bosch da ƙura a jiki. Shi na mayar. Na goge lambobi, munka bar ta ta yi zafi, silo ya zauna giram ukku da ɗan kai, gyaran man da birenbos ke yi ya dawo ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Munka hau hanyar Bodinga shi yana tuƙi ni ina riƙe da sikana, na ce Alhaji a sa giya ta ukku a nutsa totur har ƙasa, awon ya hau sumul ba yankewa ya kai wajen giram 120, wanda shi ake tsammani ga injin mai ƙarfin doki 150. Munka juyo ta wani ɓangare mai gargada da gangan, na sa ido ko za ta ƙifta, ba ta ƙifta ba. A hanyar dawowa yake tambayata yadda zai yi da sauran biyun, ko mai shago zai karɓa. Na ce duka biyun an riga an ɓare kwalinsu an sa, sai dai a gwada lallashi da ɗaya, ɗayan kuma ya aje shi a but cikin leda mai kauri inda ƙura ba ta shiga, kuma ranar da zai kai ta wanki ya tsaya kansu su rufe soket ɗin da leda.